Yadda Ake Saka Manhaja Daga Wajen Play Store Ba Tare Da An Kwashe Maka Asusu Ba

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu neman abinci a Legas ba daga Play Store suke samun manhajojin da ke cikin wayarsu ba. Mutum zai sayi sabuwar Tecno ko Infinix a Computer Village da ke Ikeja, kafin ya bar shagon yaron da ya liƙa masa gilashi ya riga ya "zuba masa abubuwa". Wani kuma sai ya koma Agege ko Idi-Araba ya miƙa wa mai cajin waya a tura masa ta Xender: WhatsApp mai ado, manhajar sauke bidiyo, ta kallon ƙwallo kyauta, duk cikin 'yan mintuna ba a taɓa masa data ba. Abin da ake turawar nan fayil ne da ake kira APK, shi ne ƙunshin da manhajar Android take zuwa a cikinsa.

Saka APK ba laifi ba ne, Android ce da kanta ta bar hanyar. Amma wayar yau ba irin ta da ba ce. Mai sauke tumatir da albasa a Mile 12, da mai raguna a Alaba Rago, da ɗan canji, duk cinikinsu a waya yake. Nan alat yake shigowa, nan manhajar banki da OPay da Moniepoint suke, nan lambar OTP, wato lambar sirrin da banki ke turowa don tabbatar da ciniki, take sauka. Saboda haka kafin ka saka komai, abu uku ya kamata ka sani: wa ya ƙera fayil ɗin, hannun wa ya biyo kafin ya iso gare ka, sannan me za ka hana shi taɓawa.

Abin da ya sa ake yi, da inda ake ƙonewa

Dalili na farko kowa ya san shi, data ce. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, kuma manhaja ɗaya tana iya wuce megabait 100. Turawa daga waya zuwa waya ba ta cin ko sisi. Akwai kuma waɗanda ba su da zaɓi. Wayoyin Huawei da aka ƙera bayan takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a 2019 ba sa zuwa da Play Store. Mai tsohuwar waya sai a ce masa manhajar ba ta dace da na'urarsa ba, ko sabon fitowar ya yi mata nauyi, dole ya nemi na baya. Wata manhajar kuma ba a buɗe ta ga Najeriya ba. Sannan akwai kamfanoni na gaskiya da suke ajiye APK ɗinsu a shafinsu, irin su Telegram da Signal, ga kuma rumbun F-Droid da tun 2010 yake tara manhajojin kyauta waɗanda kowa zai iya duba yadda aka rubuta su. Duk waɗannan dalilai ne da hankali zai ɗauka.

Inda ake ƙonewa shi ne wajen manhajar da wani ya ɗauka ya kwance, ya cusa nasa, ya sake ɗaurewa. GB WhatsApp, FM WhatsApp, YoWhatsApp, da waɗanda aka fasa don a kalli fim ko a ji waƙa ba biya. Na san abin da ke jan mutane: a ga saƙon da aka goge, a ɓoye cewa ana kan layi, a sauke hoton da wani ya ɗora. Amma wanda ya ɓata darensa ya yi wannan aiki ba ka san shi ba, bai karɓi kwabonka ba, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2021 kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano mugun shirin nan mai suna Triada a cikin wani fitowar FM WhatsApp, a 2022 kuma ya sake samunsa a YoWhatsApp. Aikinsa shi ne ya janyo wasu miyagun shirye-shirye cikin wayar, ya yi wa mutum rajistar abubuwan da ake cirar kuɗi a kati bai sani ba, har ya buɗe hanyar ƙwace asusun WhatsApp ɗin. Ita kanta WhatsApp tana rufe lambar da ta kama da irin waɗannan, da farko na ɗan lokaci, idan aka ci gaba kuma gaba ɗaya. Wanda duk kwastomominsa ta lamba ɗaya suke samunsa ya zauna ya lissafa asarar.

Wuri na biyu da ake ƙonewa shi ne wajen manhajojin bashi. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da bashi ta waya a Opebi da ke Ikeja, saboda yadda suke kwashe lambobin mutum su riƙa tura wa danginsa da abokansa saƙon cin mutunci idan ya makara da biya. Daga baya Google ya sa musu sharaɗin samun amincewar FCCPC, a 2023 kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan da ke waya. To waɗanda aka kora daga Play Store ina suka nufa? Wasunsu sun koma rabon APK ta WhatsApp da saƙon tes, inda babu mai hana su komai. Ka duba magidancin da ya baro iyali a Sakkwato ko Zamfara, a tura wa surukinsa saƙo cewa ɓarawo ne a kan bashin naira dubu goma. Ban ma taɓo maganar ruwan da ke kan bashin ba, malamai sun riga sun gama wannan.

Mataki na farko: tsaya ka ga ko dole ne

Fara neman manhajar a Play Store. Idan nauyi ne matsalar, manya da yawa suna da ƙaramin fitowa, kamar Facebook Lite da TikTok Lite. Idan data ce, ka jira ka samu Wi-Fi ko ka sayi datar dare.

Akwai abin da ba a saka shi ta APK ko da wa ya turo: manhajar banki da duk wata ta kuɗi. Banki ba ya aiko wa mutum fayil ta WhatsApp ya ce ya girka. Haka duk saƙon da ya zo da sunan tallafin gwamnati, ko sabunta NIN ko BVN, ko katin gayyatar biki, ko rasit ɗin turansfa, ka duba ƙarshen sunan fayil ɗin. Hoto yana ƙarewa da jpg ko png, takarda da pdf. Idan ka ga apk a ƙarshen "rasit", ba rasit ba ne, goge shi.

Ga shawarar da nake ganin ta fi duk sauran amfani ga ɗan kasuwa. Layin da banki yake turo maka alat da OTP, cire shi daga babbar waya ka sa a ƙaramar waya mai madanni, irin mai tocilan nan. Mugun shiri yana iya karanta saƙon da ya sauka a wayar da yake ciki ne kawai, ba zai tsallaka zuwa wadda ke ɗaya aljihun ba. Ka kuma sa wa layin lambar sirri ta PIN, saboda a Legas ƙwacen waya a cunkoson Oshodi ko cikin danfo ba sabon labari ba ne, kuma ɓarawo da layin yake fara aiki, ba da wayar ba.

Mataki na biyu: daga ina za ka ɗauko

Kowace manhajar Android tana ɗauke da sa hannun wanda ya ƙera ta, wani hatimi na lissafi da ba a iya kwaikwayonsa. Duk wanda ya kwance manhaja ya sauya wani abu, dole ya sake sa mata nasa hannun, na asalin ya tafi ke nan. Wannan ne ya sa wuraren da za a yarda da su ba su da yawa. Na farko shafin kamfanin da kansa, kuma ka rubuta adireshin da hannunka, kada ka bi wanda aka turo maka. Na biyu rumbun masu ƙera waya, Galaxy Store na Samsung ko AppGallery na Huawei. Na uku F-Droid. Na huɗu shafin APKMirror, wanda yake gwada sa hannun kowane fayil da na asali kafin ya ɗora, kuma ba ya ajiye manhajar da aka fasa.

Shafin da ka shiga ka ga maɓallin saukewa uku ko huɗu masu walƙiya, ko ya ce wayarka ta kamu da cuta ka danna nan, fita kawai. Tashoshin Telegram masu rabon "komai kyauta" ma haka.

Turawa daga wayar aboki fa? Idan shi daga Play Store ya ɗauko, fayil ɗin yana nan da hatiminsa na asali. Yadda za ka gwada shi ne, bayan ka girka, duk lokacin da sabon fitowa ya zo ka ga Play Store ya yarda ya sabunta ta, to ta asali ce. Idan ya ƙi, akwai magana. Matsalar ita ce sau da yawa abokin ma turo masa aka yi, wanda ya turo masan ma haka, har a rasa mafarin.

Mataki na uku: san wayarka

Shiga Settings, ka sauka zuwa About phone, ka ga lambar Android ɗinka. A shafi irin APKMirror za ka ga manhaja ɗaya da fayiloli da yawa. Mai alamar arm64-v8a na yawancin wayoyin zamani ne, armeabi-v7a kuma na tsofaffi ne da ƙananan wayoyi masu araha, ciki har da da yawa masu Android Go. Idan ka ga wanda aka rubuta wa universal, ɗauke shi, ya fi nauyi amma yana hawa kowacce. Tun watan Agustan 2021 Google ya wajabta wa sababbin manhajojin Play Store zuwa a rarrabe, wato kashi-kashi maimakon fayil ɗaya, shi ya sa kake cin karo da fayil mai ƙarewa da apkm ko xapk ko apks. Waɗannan ba sa girkuwa da dannawa kawai, sai da manhajar girkawa ta musamman, kuma APKMirror yana da tasa a Play Store.

Idan waya ta rubuta maka "App not installed", dalilin bai cika wuce huɗu ba: fayil ɗin ba na irin wayarka ba ne, ko wuri ya cika, ko manhajar ta tsufa da yawa domin Android 14 ba ta karɓar wadda aka ƙera don abin da ya gaza Android 6, ko kuma kana da ta asali a wayar, sa hannun sabuwar ya saɓa da nata. Wannan na ƙarshen gargaɗi ne. Duk wanda ya ce maka "goge waccan tukuna sai wannan ta shiga", ka yi zargin cewa jabu yake so ka sa a madadin ta gaskiya.

Mataki na huɗu: bincika fayil ɗin kafin ka buɗe

Buɗe shafin VirusTotal a Chrome, ka ɗora fayil ɗin. Kyauta ne, mallakar Google ne tun 2012, kuma yana gwada fayil da manhajojin tsaro gommai a lokaci guda. Zai ci data daidai girman fayil ɗin, amma kuɗin nan bai kai na asara ba. Idan guda ɗaya ne kacal ya nuna ja, yana iya zama kuskure. Idan suka yi yawa, musamman ka ga kalma irin Trojan ko Banker ko Spy, an gama magana. Fitowa fes ba tabbaci ba ne ɗari bisa ɗari, sabon mugun shiri yakan ɗauki lokaci kafin a gane shi. Kada kuma ka ɗora takardunka na sirri a wurin, abin da aka ɗora masu bincike suna iya gani.

Mataki na biyar: buɗe izinin, ka girka, ka rufe

Tun daga Android 8 da ta fito a 2017, izinin girka manhaja daga waje ba na wayar gaba ɗaya ba ne, kowace manhaja da nata. Shiga Settings, ka rubuta "Install unknown apps" a wurin nema, domin inda aka ajiye shi a Tecno daban yake da na Samsung ko Redmi. Za ka ga jerin manhajoji. Kunna wa guda ɗaya kawai, wadda za ka buɗe fayil ɗin da ita, Chrome ko manhajar fayiloli. Girka, sannan ka koma ka kashe nan take. Yayin da kake wurin, duba ko an bar wa WhatsApp ko Telegram ko Xender a kunne, ka kashe. A sababbin Samsung akwai Auto Blocker da zai hana ka gaba ɗaya. Idan ka kashe shi don wannan aikin, ka mayar da shi bayan ka gama.

Play Protect kuma, mai gadin da Google ya sa wa waya, ba a kashe shi. Yana cikin Play Store, ka taɓa hotonka a sama za ka gan shi, kuma yana binciken har manhajojin da ba daga can suka fito ba. Duk bidiyon koyarwar da ya fara da "ka kashe Play Protect tukuna" ya riga ya gaya maka abin da ke cikin fayil ɗin.

Wannan hanyar ma tana ƙara ƙunci. A watan Agustan 2025 Google ya sanar da cewa zai riƙa neman masu ƙera manhaja su tabbatar da ko su wane ne ko da ba ta Play Store suke rabawa ba, za a fara da Barazil, Indonesiya, Singafo da Tailan a watan Satumban 2026, sauran ƙasashe su biyo baya. Masu iPhone kuwa maganarsu gajera ce. A Tarayyar Turai doka ta tilasta wa Apple buɗe hanyar wasu rumbuna tun watan Maris na 2024, amma ban da Najeriya. Idan wani shafi ya ce ka girka "profile" don samun manhaja kyauta a iPhone, kada ka yi.

Mataki na shida: izinin da manhajar za ta nema

A nan ne ake yin sata, don haka a nan za ka fi nutsuwa. Manhaja ba ta iya yin ɓarna mai yawa sai da abin da ka danna mata "Allow" da hannunka. Ka riƙa tambayar kanka ko aikinta yana buƙatar abin da ta nema. Manhajar gyaran hoto ta nemi hotuna, daidai ne. Manhajar kallon ƙwallo ta nemi karanta saƙon tes da lambobin mutanenka, me za ta yi da su?

Izinin SMS shi ne hanyar karanta OTP ɗinka. Izinin ganin sanarwa, wanda waya ke rubutawa Notification access, shi ma yana kai ta ga lambar da ta faɗo a saman allo. Izinin hawa kan wasu manhajoji, Display over other apps, da shi ake shimfiɗa shafin bogi a kan na bankinka, ka rubuta lambar sirrinka kana zaton banki kake ba wa. Device admin kuma yana sa manhaja ta ƙi goguwa.

Mafi muni shi ne Accessibility. An yi shi ne don makafi da masu lalurar hannu, saboda haka manhajar da ta same shi tana ganin duk abin da ke kan allo, tana kuma iya dannawa a madadinka. Da shi kaɗai za ta ba wa kanta sauran izinin, ta buɗe manhajar banki, ta kalli abin da kake rubutawa. Daga Android 13 da ta fito a 2022, waya tana toshe wannan izinin ga manhajar da aka saka daga waje, sai ka ga ta rubuta "Restricted setting". Idan manhaja ta fara koya maka yadda za ka taɓa ɗigo uku a sama ka cire wannan shingen, kada ka ƙarasa karantawa, goge ta.

Bayan girkawa

Sa ido a kwanakin farko. Alamun matsala su ne talla tana faɗowa alhali ba ka buɗe komai ba, kati yana raguwa ba ka yi kira ba, data tana ƙarewa da wuri, waya tana zafi a aljihu, ko alamar manhajar ta ɓace daga allo alhali tana nan a cikin jerin Apps. A Android 12 zuwa sama, ɗigon kore a kusurwar allo yana nufin ana amfani da kyamara ko makirufo. Ka kuma tuna cewa manhajar da aka saka daga waje sau da yawa ba ta sabunta kanta. Kai za ka koma inda ka ɗauko ka sauke sabon fitowa, ba ka bi wani saƙo da ya faɗo yana cewa ka danna nan don sabuntawa ba.

Idan an riga an shiga

Kashe data da Wi-Fi nan take. Da wata wayar daban, kira bankinka ko ka danna lambar USSD ta toshe asusu. Kowane banki yana da tasa, ka nemi ta naka yau ka rubuta a takarda, ba lokacin da hankali ya tashi ba. Daga nan shiga Accessibility da Device admin ka kashe wa manhajar izini, sannan ka goge ta. Idan ta ƙi, sa wayar a Safe mode. A yawancin wayoyi za ka danne maɓallin kashewa, ka riƙe yatsa a kan "Power off" har ta tambaye ka. A wannan yanayin manhajojin da ka saka ba sa aiki, sai ka cire ta cikin sauƙi.

Danna ##002# don soke duk wani karkatar da kira da aka yi wa layinka, ka danna *305# ka duba ko an yi maka rajistar wani abu mai cin kati. Sauya lambar sirrin banki da ta Gmail daga waya mai tsabta. A WhatsApp, duba Linked devices ka fitar da duk na'urar da ba ka sani ba, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu da lamba shida. Mai barin GB WhatsApp ya fara adana hotunan rasit da lambobin masu bashi, domin ba tabbas tsofaffin hirarraki za su biyo shi zuwa ta asali.

Idan kuɗi ya riga ya fita, je reshen bankin da kanka ka rubuta ƙorafi, ka karɓi shaidar karɓa, domin saurin kai rahoto ne yake ba su damar tare kuɗin a asusun da ya faɗa. Sashen 'yan sanda na yaƙi da zamba yana titin Milverton a Ikoyi, ofishin EFCC yana titin Awolowo shi ma a Ikoyi, masu cin mutunci a kan bashi kuma FCCPC ake kai wa ƙararsu.

Wayar da aka ba wa mugun shiri izinin Accessibility, gara a kwashe hotuna da lambobi a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Kafin ka mayar da mimori, duba jakar Download da ta Xender ka goge duk fayil mai ƙarewa da apk, domin wanke waya ba ya taɓa abin da ke cikin mimori.